Katin Aljihun Baya

Shekara ashirin da shida mutumin nan ya yi yana alƙalancin ƙwallo, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa Rafali yake ce masa, har surukansa. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ɗaga murya a fili ba. An zage shi, an jefe shi da robar ruwa, wani mai tsaron gida ma ya taɓa shaƙe masa wuyan riga har maɓalli biyu suka tsinke. Abin da ya yi kawai shi ne ya ja da baya taku ɗaya, ya kai hannu aljihun baya, ya ɗaga jan kati. Matarsa ce ta mayar da maɓallan da yamma, don tela ce, keken ɗinkinta na ɗakin gaba kusa da taga, kuma duk baƙar rigar da ya taɓa sawa a fili daga hannunta ta fito. Mai Tuta yake kiranta, wai don tana gefe kamar mai ɗaga tuta a bakin fili, amma babu abin da ke wuce idonta. Ta yi shekara biyu tana ƙorafin sunan, da ta gaji sai ta fara amsawa.

Shekara huɗu da ajiye usur ciwon ya same shi. Da fari ciwon kai ne a gefe ɗaya, sai muƙamuƙi ya riƙa gajiya in yana tauna, sai wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi idonsa na hagu ya yi duhu na minti uku. Likita, wata siririyar mace mai tabarau da ba ta iya kwana-kwana a magana, ta ce jijiyoyin jinin da ke gefen kansa ne suka kumbura, in aka yi sake za su tafi da idon duka biyu. Ta rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, sitiroyid, kullum da safe bayan ya karya, ta ce ba maganin kwana goma ba ne, shekara za a yi ko fiye. Ta ja musu kunne kada a tsayar da shi lokaci ɗaya ko da wasa, don jiki ya saba da shi, yankewar gaggawa tana iya kwantar da mutum. Sannan ta ƙara da cewa wasu yakan taɓa musu barci, wasu kuma hali. Wannan maganar ta ƙarshe da kunne ɗaya Mai Tuta ta ji ta. Mutumin da aka shaƙe wa wuya bai ce uffan ba, wace ƙwaya ce za ta canza shi?

Maganin ya yi aiki, gaskiya a faɗa. Ido ya tsira, kai ya lafa, Rafali ya koma karanta jarida ba tabarau yana yi wa matar dariya don ita sai ta laluba kafin ta zura zare a allura. Matsalar ita ce sau biyu aka fara rage ƙwayar, sau biyu ciwon ya dawo, aka mayar da ita sama. Wata goma sha huɗu suka wuce a haka.

Igiyar awo ce ta fara faɗa wa Mai Tuta abin da ke faruwa. Wuyan da ta sani inci goma sha biyar tun suna matasa ya koma sha bakwai. Fuska ta cika ta yi zagaye, ciki ya turo, ƙafafu kuma suka tsuke. Ta buɗe masa wanduna sau uku ba ta ce komai ba. Wannan duk mai sauƙi ne, yadi ne, ana ƙarawa. Abin da ba ta da inda za ta ƙara shi ne abin da ya faru wata Talata da hantsi, tana yanka rigar wata malamar makaranta, ya faɗo ɗakin idanu jajur.

"Ki daina wannan ƙarar! Tun safe kike sara min kai da almakashin nan! Da gangan kike yi, na sani!"

Ya fizge almakashin ya wurga shi bayan keke. Shekara talatin da ɗaya da aure, ranar ta fara jin yadda muryarsa take in ya buɗe ta duka. Ba ta yi kuka ba, mamaki bai bar ta ba. Shi ne ya yi. Kafin ta gama laluben almakashin ta jiyo shi a ɗakin kwana yana sheshsheƙa, babban mutum, kansa a kan gwiwa.

Washegari da la'asar, lokacin da hankalinsa yakan fi kwanciya, ya shigo da wani tsohon gwangwanin biskit ya ajiye a kan teburin yanka. Ya buɗe. Usur ne a ciki, da agogon awon lokaci, da katuna biyu na roba, ruwan ɗorawa da ja.

"Mai Tuta, zauna. Jiya ni ne na yi, amma wallahi lokacin da nake yi gani nake ina da gaskiya. Wannan shi ya fi ba ni tsoro. In mutum ya san ya yi fushi yana iya riƙe kansa. Ni ban sani ba. To wanda ba ya ganin laifinsa, alƙali ake nema masa."

"Ni ce alƙalin?"

"Akwai wata a gidan?" Ya tura mata katunan. "In kin ɗaga ɗorawa, na yi shiru ke nan, in fita in zauna a bencin bayan gida minti goma. In kin ɗaga ja, na fita daga fili. In ba ki makullin mota, in bi ki wurin Likita, ba musu."

Ta juya jan a hannunta. Santsi gare shi, kamar ba a taɓa amfani da shi ba. "In ka ƙi fa?"

"Sau ɗaya na ga ɗan wasa ya ƙi fita. Mutum huɗu suka shigo suka ɗauke shi cak, yana harbin iska, matarsa da 'ya'yansa suna kallo. Bai sake taka ƙwallo ba. Ba hana shi aka yi ba, kunya ce. Kada ki bari a kai nan da ni."

Sai ya koya mata abin da ya ce shi ne rabin sana'ar. Ɗorawa a aljihun gaba ake sa shi, ja a aljihun baya. Ba don kada a rikita su ba kawai. Hannu yakan ɗauki lokaci kafin ya kai baya, a cikin wannan ɗan lokacin mutum yake tambayar kansa ko da gaske ne. A ranar ta ɗinka ɗan aljihu a bayan rigar aikinta, daidai faɗin katin, ta sa masa maɓalli.

Ɗorawa kam ya sha aiki. An ɗaga shi a kan gishiri, an ɗaga shi a kan rediyo, an ɗaga shi ranar da ya yi niyyar bin mai kwasar shara don ya bar murfin bola a karkace. Abin da ya riƙa ba Mai Tuta mamaki, har yanzu in ta tuna sai ta girgiza kai, shi ne yadda yake tsayawa. Bakinsa a buɗe, kalmar tana kan harshe, jijiyar wuya a miƙe, sai ya haɗiye, ya juya, ya tafi benci. Tana leƙensa ta tagar kicin yana zaune da agogonsa a hannu, yana huci, amma ba ya tashi sai minti goman sun cika cif. Ta san maza da yawa masu lafiya lau da ba za su iya rabin haka ba.

Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani kuma ita kaɗai ta rage a gida, ta mayar da abin wasa.

"Umma, Abba ya sha ɗorawa biyu yau. A doka ja ke nan fa."

"A gidan nan ni ce doka. Je ki kwashe shanya."

"Ka ji son kai, Abba. Alƙali da ɗan wasa gida ɗaya suke kwana."

Yakan yi dariya, ranakun da dariyar ke zuwa. Akwai kuma ranakun da yake wuni a kujera fuska a bango, yana cewa ya zame musu kaya. A irin waɗannan babu katin da ke da amfani, sai dai ta jawo kekenta kusa da ƙofa ta yi ta ɗinki inda zai ji motsinta.

A wata na goma sha tara duhun nan ya sake giftawa a idon dama, Likita ta ɗaga maganin sama fiye da yadda ya taɓa sha. Cikin mako guda barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya, kuma ko a jikinsa. Ya ce bai taɓa jin ƙarfi irin wannan ba tun yana ɗan shekara ashirin. Magana ta ɓalle, kafin ya gama wannan ya kama waccan. Ya ɗauki littafin da take rubuta awon masu ɗinki ya cika shi da sababbin dokokin ƙwallo guda ɗari da sha ɗaya, a kan ƙugun mutane da tsawon hannunsu. Ranar Alhamis ta nemi igiyar awonta sama da ƙasa ta rasa. Da ta leƙa waje sai ga shi durƙushe a titi da bokitin farin fenti, yana auna kwalta inci-inci da igiyar tela. Kafin azahar ya ja layi daga ƙofar gidansu har shagon mai walda, ya karya kwana, ya dawo. Kuma layin a miƙe yake sak, ko mai walda sai da ya yaba.

Ta fita ta ɗaga masa ɗorawa. Ya dube shi, ya dube ta, ya fashe da dariya.

"Wannan ai na yara ne, Mai Tuta. Ni yanzu na wuce nan."

Ranar Juma'a ya daina cin abin da ta dafa, ya ce ya gane ita da Likita bakinsu ɗaya, so suke su tsare shi a gida don kada duniya ta ga dokokinsa. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta buga waya. Likita ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce maganin ne ya hau masa kai, ana iya gyarawa, amma sai an kwantar da shi an rage a hankali ana duba idon, kuma kada ta kuskura ta ɓoye masa ƙwayar. "Ki kawo shi gobe da safe. In ya ƙi, ki kira ni in turo mota da ma'aikata. Ba na son haka, amma ya fi a bar shi ya hau titi a wannan halin."

Mota da ma'aikata. Mutum huɗu ke nan. Ta kai hannu bayanta, ta zura babban yatsa ta gefen maɓallin aljihun ta murza kusurwar katin, kamar yadda take yi sau ba adadi a kullum watanni ke nan. Tsoronta ɗaya ne. Muddin jan yana cikin aljihu, tana da abin da ta dogara da shi. In ta ɗaga ya yi masa dariya kamar yadda ya yi wa ɗorawa, shi ke nan ba ta da sauran komai sai waya.

Asabar da hantsi ya fito cikin baƙar rigarsa ta fili. Ba ta rufe cikin ba, maɓalli uku na ƙasa a buɗe, gajeren wandon ya ɗame shi, usur na lilo a wuya. Ya ce an kira shi ya hura wasan ƙarshe a babban birni, ƙarfe huɗu za a take, tafiyar awa biyar ce amma shi a uku zai yi ta. Babu wanda ya kira shi. Kwana shida rabonsa da runtsawa. Makullin mota na hannunsa.

Auta ce ta riga shi isa motar, ta tsaya a jikin ƙofar direba.

"Abba, don Allah ka tsaya ka sha ko shayi ne."

"Matsa."

"Abba, ba za ka iya tuƙi ba."

"Ke ma sun saye ki? Matsa na ce!"

Muryar ta fito da mutane. Mai walda ya kashe injinsa, matar maƙwabci ta tsaya da tsintsiya a hannu, masu jiran mota a bakin titi suka juyo. Rafali ya ɗaga hannu sama, hannun da bai taɓa sauka a jikin ɗa ko 'ya ba, Auta ta runtse ido amma ba ta matsa ba.

Gaskiyarsa ne, hannu yana ɗaukar lokaci kafin ya kai baya. Maɓallin ma sai da ya yi mata gardama. A cikin wannan ɗan lokacin Mai Tuta ta tambayi kanta, ta kuma sami amsa. Ta taka har tsakiyar layukan da ya ja, ta tsaya taku biyu daga gabansa kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta miƙe hannunta sama gaba ɗaya.

"Rafali. Ja."

Ya juyo. Ta ga fushin ya bar kan Auta ya dawo kanta dukansa. Bai yi dariya ba, da ma dariyar ce da ta fi sauƙi. Ya matso har tana jin hucinsa.

"Kin yi kuskure. Lafiyata ƙalau. Ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba. Kin yi kuskure, kuma a gaban mutane!"

"Ko kuskure ne, na ɗaga."

"Ba ki san abin da kike yi ba!"

"Na ɗaga, Maigida."

Ba ta ƙara ko kalma ba, don shi ya koya mata cewa alƙali ba ya jayayya da wanda ya kora. Leɓunansa suna motsi, ƙirjinsa na hawa da sauka, idonsa na kan katin. Ta ga yadda yatsunsa suka damƙe makullin har suka yi fari. Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba, kafaɗarta dai ta fara zafi.

Sai ya cire usur daga wuyansa. Ya haɗa shi da makullin, ya kamo hannunta na hagu ya danƙa mata da ƙarfi har ya ji mata ciwo. Ya juya, kai a sama, hawaye na zuba, ya bi ta gaban mai walda da matar maƙwabci, ya taka har bakin farin layin da ya ja da hannunsa, ya tsallake shi, ya tsaya a waje da hannuwa a baya.

"Zan ɗaukaka ƙara," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka ɗaukaka," in ji ta. "Auta, ɗauko wa Abbanki doguwar riga, ke za ki ja motar."

Kwana tara ya yi a asibiti, da ƙafarsa ya shiga, da ƙafarsa ya fito. An rage ƙwayar kaɗan-kaɗan, an haɗa masa da wani maganin da zai taya ta riƙe ciwon, da wani na ɗan lokaci da ya dawo masa da barci. Ido bai tafi ba. Likita ta ce wa Mai Tuta a bakin ƙofa ta ga masu irin wannan da dama, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kawo kansa yana rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau ba.

Bayan wata biyu, wata la'asar, ruwan sama ya riga ya cinye rabin layin titi, yana zaune a ɗakin gaba yana zura wa Mai Tuta zare a allura. Ya nemi gafarar Auta tun a asibiti, ya bi maƙwabta gida-gida, ya saya wa matarsa sabon littafin awo. Fuskarsa ta fara komawa tasa. Mai Tuta ta ɗauko gwangwanin biskit ta ajiye a gabansa.

"Me ya sa ka fita ranar? Ka gane ina da gaskiya ne?"

"Ko kaɗan. Har muka isa asibiti ina da yaƙinin zaluntata kika yi." Ya ja zaren ya ƙulla. "Mutum arba'in da uku na kora a rayuwata. Babu ko ɗaya da ya yarda ya yi laifi, kuma ban da mutum ɗaya duk sun fita. Da na tsaya ina kallon katin nan sai fuskokinsu suka yi ta zuwa min. Na ce in na ƙi, da wane ido zan dube su?"

Ta kwance maɓallin baya ta zaro jan, ta ajiye a kan murfin gwangwanin. "To ga kayanka. Wasa ya tashi."

Ya ɗauka zai jefa a ciki, sai ya tsaya. Ya kai shi wajen taga inda haske yake. Kusurwa ɗaya ta sama ta koɗe, jan ya tafi, ta yi fari fat, har da ɗan lotsawa daidai faɗin babban yatsa.

"Shekara ashirin da shida katin nan yana aljihuna bai koɗe ba," ya ce a hankali. "Ke kuma sau ɗaya kika ɗaga shi."

Ta sunkuya tana gyara ƙafar keke da ba ta lalace ba. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsansa. Sannan ya taso ya zagaya bayanta, ya mayar da katin cikin ɗan aljihun, ya sa maɓallin da kansa.

"Likita ta ce wataƙila a sake ɗaga maganin wata rana," ya ce. "Ki riƙe. Amma in kin ji hannunki yana yawan zuwa nan, ki faɗa min tun ina ji."